Kasuwar Sunaye A Intanet: Mu Yi Lissafi Kafin Mu Sayar Da Rogon Bana

Da mun shirya ci gaba da maganar yadda ake gina tauraro a gajeren labari, sai wata magana ta taso a zaman ƙungiyarmu da muka ga ba ta jira. A yi mana afuwa, yau za mu ɗan fita daga ɗakin rubutu mu leƙa kasuwa.

Wani ɗan uwanmu ne daga wajen Safana, wanda ya yarda mu ba da labarinsa muddin ba mu kama sunansa ba. Bara, bayan an haƙe rogo ya karɓi rabonsa na gonar gidansu, sai ya faɗa wani aji a WhatsApp inda ake koyar da cinikin sunayen shafukan intanet. Mai koyarwar ya ce musu abin ba wuya: ka sayi gajeren suna mai daɗin faɗi da 'yan daloli, ka ajiye, wata rana wani kamfani ya zo ya saya da dubbai. Ɗan uwanmu ya biya kuɗin aji, ya sayi sunaye goma sha biyu, duk na Hausa, duk gajeru. Mun ga jerin sunayen, kuma wallahi ya iya zaɓe, don marubuci ne mai kunnen harshe. Shekara ta zagayo babu wanda ya taya. Saƙo ɗaya ne ya shigo, daga wani da ya ce yana son ɗaya daga ciki a kan dala dubu biyar, amma sai an fara biyan kuɗin takardar tantance daraja a wani shafi da shi mai sayen ya zaɓa. Ya biya. Daga ranar bai sake jin ɗuriyar mutumin ba. Yanzu ga saƙon sabunta rajista yana shigowa kullum, ga kuɗin rogo ya ƙare.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne, a zaman da ya ba da wannan labari, mutum uku daga cikinmu suka ce su ma suna tara kuɗin shiga. Shi ya sa muka ce bari mu baje maganar a nan, kowa ya gani.

Mu fara da bayanin abin da ake sayarwa. Kowane shafi a intanet yana da adireshi, wato sunan da kake rubutawa a sama, mai ƙarewa da .com ko .org ko .ng. Masana na ce masa domen. Suna ɗaya ba ya zama na mutum biyu a lokaci guda, duk wanda ya riga yin rajista shi ke da shi. Sai dai a lura da wannan, don a nan da yawa suke tuntuɓe: ba a sayen domen a mallake shi kamar fili ko akuya. Haya ce ta shekara-shekara. Ranar da ka daina biya, ranar ka fara rabuwa da shi. Sunayen .com suna hannun wani kamfanin Amurka mai suna Verisign, na ƙasarmu masu ƙarewa da .ng kuma suna ƙarƙashin ƙungiyar NiRA, na maƙwabtanmu Nijar kuma .ne suke ƙarewa da shi.

Ba za mu ce babu kuɗi a wannan harka ba, don idan muka faɗi haka mun yi ƙarya. Facebook ɗin nan da muke kai ya fara ne a 2004 da suna thefacebook.com, sai a 2005 ya biya dala 200,000 ya karɓi facebook.com. A 2010 ya sake biyan dala miliyan 8.5 ga wata ƙungiyar manoman Amurka don ya sami fb.com, haruffa biyu kacal. Kamfanin motoci na Tesla ya daɗe yana amfani da teslamotors.com kafin ya sami tesla.com a 2016, kuma Elon Musk da bakinsa ya ce dala miliyan 11 abin ya ci. A 2019 an sayar da voice.com a kan dala miliyan 30. Har ƙasashe ma sun ci arzikin suna. Tsibirin Angila, wanda mutanensa ba su kai 20,000 ba, ya dace da ƙarshen suna .ai, kuma da zamanin ƙirƙirarriyar basira ya zo, a 2023 kaɗai ya tara kusan dala miliyan 32 daga kuɗin rajista.

Waɗannan su ne labaran da ake karanto wa matasa a irin waɗancan azuzuwa, kuma gaskiya ne. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Abin da ba a faɗa musu shi ne yaushe aka kama waɗannan sunaye. Sunan .com na farko, symbolics.com, an yi masa rajista ne ranar 15 ga Maris, 1985, kafin a haifi mafi yawanmu. Haruffan Turanci 26 ne. Idan ka jera su uku-uku, sunaye 17,576 za su ba ka. Idan huɗu-huɗu ne, 456,976. Duk an kama su a .com tun shekaru da dama. Yau akwai sunayen .com sama da miliyan 150 masu rajista. Wanda ya shigo yanzu da kuɗin rogonsa kamar wanda ya iso kasuwa ne bayan la'asar, manyan dillalai sun riga sun kwashe na kirki tun hantsi.

To, mu yi lissafi, tunda lissafi ba ya jin kunyar kowa. Mu ƙaddara sabunta suna ɗaya na .com yana cin dala 12 a shekara, mu kuma ƙaddara dala tana kan naira 1,500. Kowane suna naira 18,000 ke nan. Idan kana riƙe da sunaye 20, naira 360,000 za ka fitar duk shekara, ko an saya ko ba a saya ba. Su kansu tsofaffin 'yan wannan kasuwa, abin da suke faɗa a tsakaninsu shi ne, a cikin sunaye ɗari masu kyau, ɗaya ko biyu ake sayarwa a shekara. A kan wannan ma'auni, mai sunaye 20 zai iya jiran shekara biyu da rabi zuwa biyar kafin ya ga ciniki ɗaya. Kafin nan ya kashe tsakanin naira 900,000 zuwa miliyan 1.8. Idan cinikin ya zo kuma, kasuwar da ta haɗa ku za ta cire la'adarta, wadda kan kai kashi 15 cikin ɗari ko fiye. Sannan a tuna da dala ake biyan hayar, mu kuwa da naira muke samu. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya kama suna kafin nan, hayarsa ta ninka sau uku yana zaune, bai yi laifin komai ba.

Ɗan kasuwar da ke da sunaye dubu biyar zai iya jure wannan, don a cikin dubu biyar ko yaya sai an sayi wasu su biya wa sauran haya. Mai goma sha biyu kuwa ƙuri'a kawai ya jefa.

Akwai masu cewa, kuma a zamanmu ma an faɗa, ai mu ba sunayen Turanci za mu bi ba. Na Hausa za mu kama tun suna da araha, kafin duniya ta waiwayo. Masu jin Hausa miliyoyi ne, daga Kano zuwa Maraɗi, daga Kumasi zuwa Sudan, wata rana dole a nemi waɗannan sunaye. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba mu raina ta ba. Mu ma muna fatan ranar. Amma darajar suna a kasuwa tana zuwa ne daga mai saye, sai mu tambayi kanmu wane ne mai sayen. Hajiyar da ke sayar da atamfa da turaren wuta a WhatsApp da Instagram take cinikinta. Mai shagon waya a Katsina TikTok ya isar masa. Mu kanmu marubuta, a zaurukan WhatsApp muke sakin littafi shafi-shafi, a tura kuɗi ta asusu a nuna shaidar biya. Idan ka je wa ɗan kasuwar Kwari da maganar ya ba ka naira miliyan ɗaya don suna, zai ƙara harafi ɗaya a gaban sunan ya yi rajistarsa da kuɗin cefane, ko ya ce maka lambar wayarsa ta ishe shi. Ranar da muke fata za ta iya zuwa nan da shekara goma. Wa zai biya maka haya har lokacin?

Sai wata matsala da ta shafe mu kai tsaye a matsayinmu na masu aiki da harshe. Adireshin intanet da kowa ya saba bugawa bai san ƙugiya ba. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Akwai wata hanyar fasaha da ake bi a saka irin waɗannan haruffa, amma mutum nawa ne za su iya buga su a waya? Ka so ka kira shafinka ƙasa, sai ya fito kasa, mai karatu ya ɗauka gazawa kake talla. Ka so baƙi, ya fito baki. Ka so ƙafa, ya fito kafa. Ga kuma karin sauti da tsawon wasali da rubutunmu na yau da kullum ba ya nunawa: gari ɗaya ne a rubuce, ko na zama ko na tuwo. Kalmar da ta yi daɗi a bakinka za ta iya zama wata aba daban a kan allo. Cikin sunayen ɗan uwanmu, huɗu suna da wannan lahani, kuma mai koyarwar da ya karɓi kuɗinsa bai ma san akwai irin wannan matsala ba.

Akwai kuma abin da mu mutanen yammacin Katsina muka sani wanda ɗan Legas bai sani ba. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar 'yan bindiga, har da Batsari da Safana. Kimanin wata uku muka shafe haka. Duk mun tuna yadda mutum zai shiga mota har Katsina don kawai ya kira ɗan uwansa, ko ya hau kan dutse yana ɗaga waya sama. Shi kuwa domen, idan wa'adinsa ya cika ba a biya ba, akan ɗaga maka ƙafa na 'yan makonni, daga nan a shiga kwana 30 na fansa da tara mai tsada, daga nan a sake shi ga duk wanda ya riga. Duka-duka bai kai wata uku ba, wasu kamfanonin ma tun kafin nan suke sa shi a gwanjo. Kadarar da za ta iya salwanta saboda an kashe sabis a garinku, ko saboda katinka na banki ya ƙi biyan dala, kamar yadda katunan naira suka daɗe suna yi a baya, ba irin kadarar da talaka zai zuba guminsa a ciki ba ce. Tunkiya ko an kashe sabis tana nan a turke, ta haihu ma.

Wani kuma zai ce, to bari in kama sunan wani babban kamfani ko wani sanannen mutum kafin su farga, in sun zo sai su fanshe shi. Wannan ya fi duk na baya haɗari. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, a sashe na 25, ta haramta kama sunan wani ko alamar kasuwancinsa da irin wannan niyya, hukuncin kuma ya kai ɗaurin shekara biyu ko tarar naira miliyan biyar, ko duka biyun. A matakin duniya ma, tun 1999 akwai tsarin da mai alamar kasuwanci zai kai ƙara, galibi a hukumar WIPO da ke Janiba, a ƙwace sunan a ba shi ba tare da an biya ka ko sisi ba.

Mun san abin da ke tura mu. Babu aiki, gonakin da ke kusa da dajin Rugu da yawa ba sa nomuwa cikin kwanciyar hankali, ga difloma a jaka tana shan ƙura. Duk abin da aka ce ana samun dala da waya sai zuciya ta karkata. Haka aka yi da MMM har ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016. Haka muka kwana muna dannar allo a 2024 saboda Hamster Kombat, aka tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Haka CBEX ta yi a Afrilun 2025. Cinikin domen ya bambanta da waɗannan, sana'a ce ta gaske da ake yi a duniya. Amma yadda ake tallata mana ita iri ɗaya ne, kuma a mafi yawan lokuta wanda ya tabbata ya ci riba shi ne mai sayar da ajin.

Duk da haka ba mu zo mu ce a guji domen ba. Ra'ayinmu shi ne marubuci ya kama suna ɗaya, nasa, don ya zauna a ciki. Dalili kuwa mun gan shi da idonmu. A ƙarshen Nuwambar 2023 OkadaBooks ta rufe, marubutan da suka jibge littattafansu a can suka shiga neman inda za su koma. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnati ta dakatar da Twitter a ƙasar nan. Kowannenmu ya san wanda aka yi wa kutse a Facebook, ko aka rufe masa lambar WhatsApp, ya wayi gari babu masu karatun da ya shekara biyar yana tarawa. Duk waɗannan gidajen aro ne. Idan kana da adireshinka, ko da shafi ɗaya ne mai ɗauke da jerin littattafanka da hanyar samunka, duk inda aka tashe ka masu karatu sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Yana kuma taimakawa ranar da wani ya cire sunanka daga littafinka ya sa nasa, don kana da inda za ka nuna ka ce ga asali, ga ranar da aka saka shi.

Ga wanda ya yanke shawarar haka, ga abin da muke ba da shawara. Ka duba .com.ng ko .ng tukuna, don da naira ake biya, kuma .com.ng ya fi .com sauƙi nesa ba kusa ba. Ka zaɓi sunan da babu ƙugiya a ciki, ko wanda ko an cire ƙugiyar ma'anarsa ba za ta juye ba. Ka gwada shi: ka faɗa wa ƙanwarka sau ɗaya ta waya, ka ce ta rubuta. Idan ta rubuta daidai, ya yi. Ka tabbatar rajistar da sunanka da imel ɗinka aka yi ta, kada ka bar ta da sunan yaron shagon kwamfuta da ya taimaka maka, don a idon kamfani wanda sunansa ke kan rajista shi ne mai shi. Idan da hali ka biya shekara biyu ko uku gaba ɗaya, saboda abin da muka faɗa na sabis. Idan ƙungiya ce, a haɗa kuɗi a kama suna ɗaya, kowane mamba ya sami ɗakinsa a ciki, a kuma sa mabuɗin a hannun mutum biyu ko uku, kada tafiyar mutum ɗaya ta rufe gidan.

Sannan ita baiwar da ta ja ɗan uwanmu cikin wannan harka, wato iya raɗa suna, kada ya jefar da ita. Abubakar Imam ya sa wa littafinsa suna Magana Jari Ce, kuma a 1939 ya zama editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Shekara sama da tamanin ke nan sunayen nan suna bakin mutane. Dubi Aminiya, dubi Arewa24, dubi yadda Gidan Dabino ya zama tambari a harkar ɗab'i a Kano. Babu ɗaya daga cikinsu da ya yi daraja don an ɓoye shi ana jiran mai saye. Aikin da aka yi a ƙarƙashinsa ne ya ɗaga shi. Kullum ana buɗe sabon shago, sabuwar makarantar Islamiyya, sabon gidan burodi, sabon kamfanin ruwan leda, kuma da yawansu suna fama da neman suna da ɗan taken talla. Marubuci zai iya zama da mai shago, ya ji abin da yake so, ya kawo masa sunaye biyar ya zaɓa, ya duba masa ko adireshin yana nan, ya taya shi yin rajista da sunansa shi mai shagon, a biya shi ladan aikinsa. Kuɗin ba zai kai na voice.com ba, amma babu hayar da za ta bi ka bashi, kuma ba ka sayar da rogonka ba.

Akwai abu na ƙarshe da ya tsaya mana a rai tun ranar zaman. Muna duba jerin sunayen nan sai wata 'yar uwa ta ce, ku dubi sunayen garuruwanmu mana. Ruma. Runka. Safana. Wagini. Gajeru ne, masu daɗin faɗi, babu ƙugiya ko ɗaya, irin waɗanda dillalan suna ke nema ido rufe. Amma ka rubuta ɗaya daga ciki a Google ka ga abin da zai fito. Hari, garkuwa da mutane, adadin waɗanda aka kashe. Wanda bai taɓa zuwa ba zai rantse babu abin da ake yi a nan sai gudu da jana'iza. Ba zai ga rogon Batsari da ake lodi zuwa garuruwa ba, ba zai ga tarihin Rumawa da jarumtarsu ba, ba zai ji tatsuniyoyin da kakanninmu suke yi ba, ba zai san akwai 'yan mata da samari da ke rubuta littafi a waya da cajin da suka biya a shago ba. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma a yanzu linzamin sunayenmu yana hannun wasu. Babu kuɗin rajistar da zai karɓo mana shi. Rubutu ne zai karɓo shi, labari bayan labari, har ranar da mai bincike zai rubuta Safana ya ci karo da gajeren labarin ɗayanmu a shafin farko.

Shi ɗan uwanmu ya yanke shawarar sakin goma sha ɗaya ya riƙe ɗaya, wanda ya fi kusa da sunan alƙalaminsa. Ya ce labarin farko da zai saka a ciki shi ne na wani saurayi da ya sayar da rogo ya sayi iska. Mun ce masa ya yi sauri, muna jiran karantawa.

Wanda ya taɓa sayar da domen ya ci riba a cikinmu, don Allah ya fito ya faɗa mana nawa ya kashe, shekara nawa ya jira, nawa ya samu, mu ƙaru. Wanda ya ga kuskure a lissafinmu ya gyara mana, ba mu fi ƙarfin gyara ba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan maganar tauraro a gajeren labari. Allah ya ba mu zaman lafiya a yankinmu, ya sa albarka a alƙalumanmu.